Littattafan Ƙarƙashin Matashin Kai



Akwai wata tambaya da muka yi ta yi wa abokai a makon farko na komowarmu, watau, "Me ka karanta a hutu?" Amsar da muka fi samu ita ce, "Ai ban karanta kome ba." Amma in hira ta yi nisa, sai ka ji ashe wanda ya ce bai karanta kome ba ya cinye littattafan Agatha Christie har uku, wata ta gama wani littafin zane a dare guda, wani kuma ya kwana biyu yana juyayin wani saurayi na cikin littafin Chinua Achebe. Duk wannan a wurinsu ba karatu ba ne, tun da ba za a tambaye shi a jarrabawa ba. Littafin da mutum ya fi so shi yake turawa ƙarƙashin matashin kai in ya ji sallama, sa'an nan ya jawo babban kundin darasi ya buɗe a kan tebur don a shaide shi da himma.

Mu ma ba mu kuɓuta daga wannan hali ba. Kafin a tafi hutu, mu 'yan ɗaki ɗaya muka yi karo-karo muka sayi kwali guda na tsofaffin littattafai wajen masu shimfiɗa su a bakin titi, muka raba, kowa ya tafi da rabonsa. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya tarar da ɗayanmu a zaure riƙe da ɗaya daga ciki, ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, mahaifinka ya sayar da gero ya biya maka makaranta, kai kuma ka zauna kana karanta tatsuniyar Turawa?" Ɗan'uwanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Maganar ta yi mana nauyi, domin ba ta rasa gaskiya a cikinta ba. Wannan rubutu shi ne amsar da ladabi ya hana a ba shi a gabansa.

Ra'ayinmu ga shi. Yawancinmu, in Allah ya nufe mu da kammalawa, tebur za a ba mu da fayil da alƙalami, a ce mu duba mu rubuta abin da muka gani. Fayil kuwa labari ne wanda wani ya tsara don ya sa mu yarda da wani abu. Wanda bai saba karanta labari yana tuhumarsa ba, bai kuma saba karanta halin mutum yana fahimtarsa ba, to, ko digirinsa nawa ne, sai an yi wasa da hankalinsa. Waɗannan abubuwa biyu ba safai ake koyar da su a lacca ba, amma suna nan jibge cikin littattafan da muke ɓoyewa.

Wa Ya Aikata?

Bari mu fara da labaran binciken laifi. Irinsu sun daɗe a duniya. A cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda wani masunci ya jawo akwati daga kogi, aka buɗe aka tarar da gawar wata mace, Halifa Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya kashe ta, in ba haka ba a bakin ransa. Sai dai Ja'afaru bai binciki kome ba. Gida ya koma ya zauna yana jiran ajali, har mai laifin ya kawo kansa. Abin da marubutan baya suka ƙara shi ne mutumin da zai tashi ya duba, ya auna, ya tambaya. Edgar Allan Poe na Amurka ya soma a 1841, Arthur Conan Doyle kuma ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Shi Doyle likita ne, ya kuma ɗauko halin Holmes daga malaminsa Joseph Bell, wanda yakan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mai bin sawu, wanda zai dubi ƙasa ya ce saniyar da aka sata tana ɗingishi, ɓarawon kuma gabas ya nufa da ita.

Cikin abin da muka karanta a hutun nan akwai wani gajeren labarin Holmes na 1892 mai suna Silver Blaze. An sace wani dokin sukuwa daga barga cikin dare, kowa yana ta neman abin da ya faru. Shi kuwa Holmes abin da bai faru ba ya kama: akwai kare a bargar, amma bai yi haushi ba. Ashe ke nan wanda ya shigo sanannen karen ne. To, a ce an kawo maka fayil a ofis, an ce kaya sun ɓata a sito, amma ba a fasa kwado ba, maigadi bai ji motsi ba, an kuma riga an rubuta sunan wani ɗan dako a kai a ce shi ne ɓarawo. Wanda ya karanta labarin karen nan zai ajiye alƙalami ya tambaya, wa yake riƙe da mabuɗi? Wanda bai karanta ba yana iya sa hannu, a kori talaka, mai mabuɗi ya je ya yi barcinsa.

Wani darasin kuma yana cikin The Hound of the Baskervilles na 1902. Mutanen wata ƙarya sun yi imani da cewa wani karen aljanu ne yake bin wani gidan masu dukiya yana kashe magadansa. Da aka bi diddigi, sai ga shi kare ne mai jini da tsoka, an shafa masa wani sinadari mai ƙyalli cikin duhu, mai shi kuwa gado yake nema. A 1929 wani marubuci mai suna Ronald Knox ya tsara wa masu wannan sana'a dokoki goma, cikinsu har da cewa ba a yarda a warware laifi da sihiri ko aljanu ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani tilas a nuna wa mai karatu ita. Kada wani ya ce wannan doka ta Turai ce kaɗai. Ba mu manta ba a 2018 jaridun ƙasar nan suka cika da labarin wai maciji ya haɗiye Naira miliyan 36 a wani ofishin gwamnati a Makurɗi. Mun yi dariya, amma dariyar ba ta dawo da ko kwabo ba. Ƙasar da ma'aikatanta suka saba tambayar "ina shaida?" ba a yi mata irin wannan tatsuniya da rana tsaka.

Ita kuwa Agatha Christie, wadda ta rubuta littattafan bincike 66, ta kuma san guba tun lokacin da ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwaninta shi ne ta ajiye maka gaskiya a gaban idonka ka tsallake ta. Ba za mu tona asirin The Murder of Roger Ackroyd na 1926 ba, don kada mu ɓata wa wanda bai karanta ba. Iyakar abin da za mu ce, duk wanda ya kai shafinsa na ƙarshe ba zai sake gaskata rahoto don kawai an rubuta shi cikin natsuwa da ladabi ba.

Littafin Zane Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Littafin zane shi ya fi shan raini, shi ne kuma ƙofar da da yawa daga cikinmu muka bi muka shiga karatu. Iyayenmu da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972, mai ba da labari da hotuna jere ana rubuta maganar kowa kusa da bakinsa. Tauraronta Lance Spearman ne, baƙar fata ɗan gaye mai malafa, wanda yake fatattakar miyagu. Yaran da suka riƙa karɓar aron wannan mujalla hannu da hannu, cikinsu aka sami malamai da alƙalai da manyan sakatarori, ba mu kuma ji wanda ta hana shi zama mutum ba.

Mai raina wannan fanni ya nemi Maus na Art Spiegelman, wanda ya zana labarin mahaifinsa a sansanin kisa na 'yan Nazi, ya mai da Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, har aka ba shi lambar Pulitzer a 1992. Ko ya nemi Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara fitowa a 2005, labarin 'yan matan wata unguwa a Abijan a ƙarshen shekarun 1970. Ita Aya likita take so ta zama, ƙawayenta kuwa hankalinsu yana kan samari da wuraren rawa. Wata 'yar'uwarmu da ta karanta shi ta ce sai ta ga kamar tsakar gidansu aka zana, da gulmarta da kishinta da zumuncinta. Mai karanta irin wannan littafi aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana karanta magana, yana kuma karanta fuskar mai maganar, sau da yawa kuwa baki yana faɗin abu ɗaya ido yana faɗin wani. Wanda zai zauna a tebur jama'a suna zuwa gabansa da buƙatu yana bukatar wannan ido.

Amma fa hoto yana shiga zuciya ba tare da sallama ba, saboda haka sai an yi hattara. Hergé na Beljiyam, mai littattafan Tintin, gwani ne ƙwarai, duk da haka a littafinsa na 1931 da ya kai Tintin Kwango ya zana baƙar fata tamkar wawaye masu jiran Bature ya yi musu tunani. Ba mu ce a ƙone littafin ba. Mun ce a karanta shi ido buɗe, a san wa ya zana, a wane zamani, kuma don wa.

Me Ya Sa?

Yanzu sai mu faɗi aibin masoyinmu. Labarin bincike yana da wata ƙarya mai daɗi a cikinsa. A babin ƙarshe akan tara kowa a falo, a nuna mutum ɗaya da yatsa, a tafi da shi, sauran su numfasa su ce alhamdu lillahi, mu dai mutanen kirki ne. Mai karatu ma sai ya rufe littafi yana jin shi ɗan sandan ciki ne, bai taɓa kawo wa ransa cewa yana iya zama wanda aka nuna ba. Wanda ya tsaya a nan zai fita da kaifin tuhuma, amma tuhumar wasu kaɗai.

Nan ne babban adabi yake karɓar aiki. Littafin da ya fi girgiza mu a hutun nan shi ne No Longer at Ease na Achebe, wanda ya fito a 1960, shekarar mulkin kai. Tun a shafin farko an gama shari'a a wurin mai karatu: Obi Okonkwo, saurayi mai digiri daga Ingila, ma'aikaci a hukumar ba da sukolashif a Ikko, yana gaban alƙali saboda cin hancin fam 20. Babu sauran tambayar wa ya aikata. Sauran littafin duka amsar "me ya sa?" ce. Shi Obi ya dawo gida da ra'ayin cewa cin hanci ba zai ƙare ba sai tsofaffin ma'aikata sun kauce samari masu digiri sun hau, ra'ayin da mu ma muke faɗi kullum a ɗakin cin abinci. Ya kuma ƙi hancin farko da aka kawo masa. Sa'an nan rayuwa ta soma matsa shi: bashin fam 800 da ƙungiyar mutanen garinsu ta ranta masa, kuɗin inshorar mota, kuɗin makarantar ƙane, jinyar uwa, haraji, ga kuma yarinyar da yake so iyayensa sun ƙi. Ba rana ɗaya ya faɗi ba, da kaɗan da kaɗan ya zame. Muna roƙon duk wanda ya karɓi albashinsa na farko, ya ga dangi sun yi layi a ƙofar ɗakinsa, ya nemi wannan littafi tun kafin wani ya ajiye masa ambulan a kan tebur.

Abokin tafiyarsa shi ne The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah na ƙasar Gana, na 1968. Wani akawun jirgin ƙasa ne, wanda ko suna ba a ba shi ba, ya ƙi karɓar hanci daga wani mai fataucin katako, ya koma gida matarsa da surukarsa suka mai da shi abin ba'a, suna gwada shi da abokin karatunsa da ya zama minista. Da aka yi juyin mulkin 1966, ministan nan ta ramin masai ya tsere. Littafin bai yi wa mai gaskiya alkawarin mota ko gida ba. Ya dai nuna masa tsadar abin da ya zaɓa, don ya shiga da saninsa.

Kada kuma a ɗauka akwai katanga tsakanin littafin bincike da babban adabi. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya gina Petals of Blood na 1977 a kan binciken kisa: manyan attajirai uku sun ƙone cikin wani gida, sufeton 'yan sanda ya tsare mutanen da yake zargi yana yi musu tambayoyi. A ƙarshe an gano wanda ya kunna wutar, amma kafin nan mai karatu ya riga ya ga laifin da ya fi wannan girma, watau yadda aka raba talakawan ƙauye da gonakinsu, laifin da babu sufeton da aka aiko ya bincika. Haka nan Lightseekers na Femi Kayode, na 2021, wanda ya samo tushe daga kisan gillar da taron jama'a suka yi wa ɗalibai huɗu a Aluu kusa da Fatakwal a 2012. A cikin littafin ɗalibai uku ne aka kashe, an kuma ɗauki hoton abin a waya kowa ya gani, saboda haka mahaifin ɗayansu ya ɗauko masanin halayyar ɗan Adam don ya gano abin da ya mai da mutanen gari guda makasa. Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, mu da muka san yadda ihun "ɓarawo!" yake tara jama'a cikin minti ɗaya.

Gaskiyar Dattijo

To, ina gaskiyar dattijon nan? Tana wuri uku. Na ɗaya, lokaci. Wanda ya rungumi littafin hira ana saura mako guda jarrabawa ya ci amanar mai gero, ba mu da abin da za mu kare shi da shi. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah, littafi ne yake cinye mana dare ko kuwa waya? Na biyu, tarbiyya. Littattafan James Hadley Chase, waɗanda suka cika akwatunan ɗaliban ƙasar nan shekara da shekaru, cike suke da bindiga da giya da kwaɗayin kuɗi. Shi kansa Baturen Ingila ne, da taswira da ƙamus ya tsara Amurkar da ke cikin littafinsa na farko na 1939. Wanda ya shekara goma bai karanta kowa ba sai shi, ya zama kamar mai cin ƙuli-ƙuli safe da yamma yana cewa ya ƙoshi. Maganin wannan a ƙara masa wani littafin, ba a ƙwace na hannunsa ba.

Na uku shi ya fi zafi: "tatsuniyar Turawa." Cikin kwalinmu, littattafan Hausa ba su cika tafin hannu ba. Alhali kuwa ba mu rasa tushe ba. Tun gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ake rubuta ƙagaggun labarai da boko a harshen nan. Gasar 1982 ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a kan tsohon sojan da ya koma ta'addanci bayan yaƙin basasa. Marubutan Kano, mata da maza, sun tabbatar tun daga shekarun 1980 cewa Bahaushe yana sayen littafi da kuɗinsa in an rubuta abin da ya shafe shi. Duk da haka har yau ba mu da wani mai bincike na ƙage wanda sunansa ya zauna a bakin yara kamar yadda na Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zauna. Ga kasuwar Kurmi, ga tashar mota, ga kotun alƙali, ga rigimar gado da ta iyakar gona, ga takin zamani da yakan ɓata tsakanin sito da manomi. Wane marubuci ne zai ce ya rasa abin rubutawa?

Abin Da Muke Roƙo

Saboda haka muna kawo wa Ƙungiyar Ɗalibai shawara uku, ba kuwa masu cin kuɗi ba ne. A ware kanta guda a ofishin ƙungiya, kowane ɗalibi ya kawo littafi ɗaya daga gida a farkon zango, ya ajiye ya ɗauki wani, a rubuta suna a rajista. A sa yamma ɗaya a kowane wata a zauna a tattauna littafi guda, a gayyato yayyenmu na ofisoshi, domin su ne za su gaya mana ko Obi Okonkwo yana nan da rai. Sa'an nan wannan mujalla ta ba da shafi huɗu a kowace fitowa, biyu don gajeren labarin bincike da Hausa, biyu don labarin zane, ɗaliban harsuna su rubuta, ɗaliban zane-zane su zana. Na farko ba zai yi kyau ba, mun sani, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, mun san albashi ba ya kai ƙarshen wata, mun san kuma gajiyar da ake komawa gida da ita. Duk da haka littafi ɗaya a wata, ko na gwanjo ne, ko na aro, bai fi ƙarfinku ba. Abin tsoro ne mutum ya rufe littafinsa na ƙarshe ranar da ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe, ya shekara talatin da biyar ba ya karanta kome sai fayil da takardar umurni, sa'an nan a ce shi ne zai yanke hukunci a kan fanshon gwauruwa da filin maraya.

Shi kuwa Baba dattijo, mun yi niyya in hutu ya zagayo za mu kai masa gaisuwa, mu zauna a zauren nan mu ba shi labarin karen da bai yi haushi ba, da Hausa, daga farko har ƙarshe. Mun tabbata zai gano ɓarawon dokin kafin mu kai rabi, domin ya yi shekaru yana sasanta rigimar unguwa. In ya gano, sai mu gaya masa cewa abin da ya koya a zaure cikin shekara arba'in, shi muke ƙoƙarin tsinta a littafi tun kafin a ɗora mana amanar jama'a.

Kafin nan, 'yan'uwa, ku fito da littattafan nan daga ƙarƙashin matashin kai ku ɗora su a kan tebur, kusa da kundin darasi. In an tambaye ku me kuka karanta a hutu, ku faɗa ba tare da jin kunya ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu sa'ar zangon da muka shiga, amin.